Ramuwar Sanda Ɗaya

Ƙanena ya dawo daga Abijan gab da bikin kaka, a shekarar da kuɗin sefa ya faɗi. Ya zo da rediyo mai kaset, da baƙin tabarau, da wani irin taku kamar garin ya yi masa kaɗan. Duk daminar bai taɓa hauya ba, amma da aka jera damman hatsi a ƙofar gida, ya fi kowa tsayawa kusa da su. Ni na goye shi, don haka ina da bakin faɗa: ƙato ne, kyakkyawa, kansa kuwa babu komai sai iska.

Garinmu yana tsakanin Karofane da Buza, ƙasa mai duwatsu wadda in ba ka ba ta taki ba, ko gaisuwarka ba ta amsawa. Shi ya sa in an gama girbi aka saki gonaki, kowane maigida yana da Bafulatanin da ke sauka wurinsa. Namu wani dattijo ne da muke kira Baffa. Tun kafin a haife ni shanunsa ke kwana a gonar Baba, su ci kara su bar mana taki, Baba ya ba shi hatsi, matarsa ta aiko mana da nono. Su biyun sukan zauna a gindin gawo tun daga azahar, magana ba ta fi a ƙirga ba.

Ranar bikin, tun da hantsi gangar noma ke tashi. Aka zaga gari da sarkin noma, aka yi kokawa, 'yan mata suka yi gaɗa. Ni ina bakin fage da goyona, ina tuyar ƙosai. Ƙanena ya kayar da mutum biyu a kokawa, makaɗa suka wasa shi har kansa ya ƙara kumbura.

Da la'asar Fulani suka buɗe nasu fagen na sharo. Saurayi zai tuɓe riga, ya ɗaga hannu sama riƙe da madubi, abokin karawarsa ya zuba masa sandar tsamiya a haƙarƙari. Ba ya motsi, ba ya ɓata fuska, sai ma ya dubi madubin ya yi dariya. Daga nan a juya, wanda ya buga ya tsaya a rama. Mu kallo ne namu, daga nesa, kowa ya san haka.

Autan Baffa ne a tsakiya, siririn saurayi, ya ɗaga madubi yana jiran mai bugu. Sai na ga ƙanena ya ratsa mutane ya shiga. Ba tsamiya ce a hannunsa ba, gorarsa ce mai zoben ƙarfe a kai. Na ƙwala masa kira, ganga ta danne muryata. Ya ja da baya, ya tattara ƙarfin nan da bai kai gona ba, ya sauke wa yaron.

Har gobe ina jin ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Yaron bai faɗi nan take ba. Ya dubi madubinsa, ya buɗe baki zai yi dariya, jini ya riga dariyar fitowa. Sannan gwiwoyinsa suka saki.

Ƙanena ya ɗaga hannu biyu yana kirari, kamar yadda ake yi in an kayar da mutum a kokawa. A wurinmu wanda ya kayar ya ci, magana ta ƙare. Ya juya zai fita, yayan yaron ya tare shi.

"Tuɓe riga," in ji shi. "Wanda yab buga shi ka tsayawa."

"Ni? Ai na ci, wasa ya ƙare."

Aka cafki wuyan rigarsa. Ya fizge ya bar musu ita, ya ranta a na kare.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba, kuma Allah kada ya maimaita mini. Samarin Fulani suka bi shi da sanduna, samarin garinmu suka tare su da gatura da taɓare. Wani ya ture kaskona, mai ya kwarara a ƙafar wata yarinya, tana ihu babu mai dubanta. Na ga an rotsa kan maƙerin garinmu, mutumin da rabon faɗa kawai ya shiga. Na ga takobi ya zabtare wa wani kunne, ya dafe wurin yana ta neman kunnen a ƙasa. Mutanen da suka sha fura a ƙwarya ɗaya da safe, su ne ke neman kan juna.

Ƙanena kuwa ya shige rumbun Inna ya ja murfi. Ba a daɗe ba aka gane. Samarin Fulani suka kewaye rumbunan gidanmu, yayan yaron riƙe da damin kara yana ci da wuta, ya ce ko ƙanena ya fito ya tsaya, ko ya toye tare da hatsin. Rumbunan unguwarmu a manne suke da juna, in ɗaya ya kama, abincin shekara ya tafi. Inna ta faɗi tana birgima. Jandarmomi kuwa suna Buza, kafin su zo sai dai su tarar da toka.

Baba ya fito daga zaure. Bai yi sauri ba, dama ba ya sauri. Ya cire hula ya ba ni, ya tuɓe riga. Tsoho ne, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ya wuce mai wutar, ya tsaya a gaban Baffa.

"Hannun da yab bugi ɗanka, ni na haihe shi," ya ce. "Ga haƙarƙarin gidanmu."

Yayan yaron ya jefar da wutar a ƙasa ya ɗauki sanda. Baffa ya karɓe ta daga hannunsa, don ya san in ɗansa ne ya buga, gawa za mu ɗauka. Ya daɗe yana kallon Baba.

"Amini, in na rage hannu, yaran ga ba su yarda."

"Na sani. Kak ka rage." Baba ya waiwayo ni. "Ɗiyata, samo min madubi."

Na kwance ɗan madubin da ke bakin zanena na miƙa masa. Ya ɗaga shi sama da hannun dama. Wurin ya yi tsit, har kukan ƙanena ana ji daga cikin rumbu.

Baffa bai rage ba. Sandar ta naɗe gefen Baba tun daga hammata, fatar ta tsage, na ga fari kafin ja ya rufe shi. Baba ya yi tangal-tangal, ya kafe ƙafa. Ya dubi madubin, ya yi dariya, ƙaramar dariya ta mai sauran haƙori kaɗan. Na tsani dariyar nan, kuma ban taɓa alfahari da komai kamarta ba. Sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ya take wutar da ƙafa. Baffa ya jefar da sandar, ya tare Baba kafin ya kai ƙasa.

Amalanke ɗaya ta kai Baba da autan Baffa bakin titi, mota ɗaya ta kai su asibitin mishan. Yaron ya rayu, sai dai ya karkace. Hannun Baba na dama bai sake wuce kafaɗa ba, ko kabbarar salla da hannu ɗaya yake ɗagawa. Ƙanena bai jira sallamarsa ba, ya koma Abijan, ya bar mana rediyo.

Sai bayan shekaru ya sake zuwa, a wata kakar, ya rame, babu tabarau. Ina tuya a ƙofar gida, Baba da Baffa suna zaune a kan tabarma. Ƙanena ya durƙusa a gabansu. Baba ya miƙe, ya rungume shi da hannun hagu, na daman yana ta ƙoƙarin tashi ya kasa. Ni ban tashi daga gaban kaskona ba.