Mai Awaki a Gonar Sola

Ƙanin mijina, wanda duk unguwa ke kira Mai Awaki, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zagin tumaki. A wajensa tunkiya matashin kai ce da aka yi wa ƙafafu. Akuya kuwa, in ya fara yabonta, sai ka rantse ita ta shayar da shi. Da awakin nan ya yi aure, da su ya rufe ɗakinsa da kwano, a makiyayar bayan gari kuma furfura ta same shi.

Sai gwamnati ta tashi haiƙan kan wutar rana. Ta sauke harajin kayan sola, ta wajabta wa kamfanin lantarki sayen wutar. Kafin mu farga an zagaye makiyayar da waya, an jera farantan sola har inda ido ya gaji. Mu dai kakarmu ta yanke saƙa: fankata ta daina zaman ado, injin niƙan ɗiyata ya rabu da shan fetur. Shi kuwa ya koma kiwo a bakin titi, awaki na cin leda suna ramewa. Har ya fara zancen sayar da garken ya zauna a gida. Na san irinsu. Ranar da ya ajiye sanda, ranar zai fara ciwon da ba asibitin da ya san sunansa.

Ashe dokar da ta ba da filin ta ce kada a hana kiwo, ga ciyawa ta samu inuwa ta yi tsawo har tana neman rufe farantan. Manajar wurin, wata yarinya da ba ta kai jikata ba, ta aika a kira masu dabbobi. Ya saɓa sanda ya tafi da garkensa. Ba a gama gaisawa ba, bunsurunsa ya ɗare kan faranti yana kallon gari kamar shi ya gina shi, wata akuya kuma ta cafki wayar wuta tana tauna.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji yarinyar. "Tumaki muke so. Su kansu a ƙasa yake."

Ya ce mata ai abin da ya haɗa shi faɗa da su ke nan.

Tsakar gidana ya zo ya zube yana huci, wai a wannan shekarun ba zai bi bayan dabbar da ba ta san hanyar gidansu ba. Na miƙa masa ruwan sanyi, na bari ya shanye tukuna.

"Kai da ka zauna lafiya da yayanka tun kuna yara," na ce, "tunkiya ce za ta gagare ka?"

Yayan nasa na kan tabarma yana jin mu. Ya ɗaga kai ya ce a bar sa shi cikin zancen dabbobi. Mai Awaki ya yi dariya har ya ƙware.

Ranar dai bai yarda ba. Amma daga baya an riƙa ganinsa yana bin lungu zuwa kasuwar dabbobi, ya tafi da akuya ya dawo da tunkiya, fuska a murtuke kamar an aike shi sata. Bunsurun ne ya ƙi rabuwa da shi, ya ɗaure shi a ƙofar gida.

Yanzu makullin ƙaramar ƙofar gonar solar na rataye a wuyansa. Shekaranjiya na aika ya zo ya gyara min ƙyaure, ya ce in nemi kafinta, shi ma'aikaci ne, kuma tumakinsa biyu na gab da haihuwa.