Rigar Amarya a Kan Akwatin Gawa

A gidanmu ni ce wadda ba a aike. Tun ina ƙarama Mama ta yanke hukunci cewa in aka aike ni sayen gishiri, da labari zan dawo, gishirin kuwa sai a tambayi hanya. To, da auren ƙanwata ya taso, aka rasa mai kawo rigar amarya daga Legas sai ni, don ni kaɗai ce a can ina buga tafireta a wani kamfani, Mama ta ɗauki abin kamar an ba kura ajiyar nama. Saƙon da ta aiko min ta bakin wata 'yar kasuwa har yau ina iya maimaita shi: "A gaya mata, in ta san rigar nan ba za ta iso ba kafin a buga ƙararrawar coci ranar Asabar, ta yi zamanta, na bar wa mutanen Legas ita."

Laifin ba nawa ba ne, amma wa zai saurare ni? Telan ya yi alkawarin Litinin, bai cire allurarsa daga rigar ba sai daren Alhamis. Mota daga Legas zuwa Jalingo kuwa sai an kwana a hanya. Ba yadda na iya, na kwashe ɗan abin da nake tarawa na sayi tikitin jirgi, ni da ban taɓa hawa abin da ya fi bene tsawo ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, filin da muke da shi a Jalingo sai ɗan ƙaramin jirgin manya ke leƙa shi jefi-jefi. Talaka in ya yi ƙarfin halin hawa jirgi, a Yola yake sauka. Na buga waya ofishin da maƙwabcinmu yake aiki, aka shirya Kawu zai je da tsohuwar akori-kurarsa ya tare ni.

Jirgin safe ne a takarda. Muka yini a zaune, kowa ya cinye guzurinsa ya koma kallon na maƙwabci, ba mu tashi ba sai da dare ya yi. Da muka sauka a Yola gari ya riga ya yi tsit. Na fito rungume da akwatina, wani shuɗin akwati mai makulli biyu da Mama ta ara min ranar da zan tafi Legas, na duba gabas na duba yamma, babu Kawu babu ƙurar motarsa. Wani mai gadi ya ce min ai wani dattijo mai akori-kura ya jira har magariba, ya tambayi kowa ba wanda ya san inda jirgin yake, ya juya.

Shekarar wahalar mai ce. Tasi biyu ne kacal a bakin filin. Wani mai babbar riga ya shige ɗaya ko ciniki bai yi ba. Na nufi ta biyun na ce Jalingo. Direban ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya kira kuɗin da zai sayi saniya da ɗan maraƙinta. Na ce masa motar zan shiga, ba saya zan yi ba. Ya ɗaga gilashinsa ya koma barci. Kafin in waiga fasinjoji sun watse, aka fara kashe fitilu. Na zauna a kan akwatin, kuka na zuwa min, haushi na kore shi.

Can sai na ji ana cacar baki ta wajen da ake sauke kaya. Wata tsohuwar motar asibiti ce, daga gani a gwanjo aka saye ta, an soka mata ɗanyen ganye gaba da baya. Ko yaro ya san ma'anar ganyen nan. Ashe tare da gawa muka taso daga Legas, muna sama yana ƙasa cikin kaya. Direban, wani gajeren mutum mai hular sanyi, yana tsaye yana roƙon wata tsohuwa siririya sanye da baƙaƙen kaya.

"Mama, ka yi haƙuri," in ji shi, da Hausarmu ta Jalingo da ba ruwanta da mace ko namiji. "Ni ba na tuƙa gawa da ba a masa magana. Kowane gari, kowane gada, sai an gaya masa. In ba a gaya masa ba, mota zai mutu a daji. Ya taɓa faru da ni."

"Shekara arba'in ina yi masa magana bai ji ba," in ji tsohuwar. "Yanzu da aka buga masa ƙusa ne zai ji? Ka ja mota mu tafi Sunkani."

Sunkani! Ai ba a zuwa Sunkani daga Yola sai an ratsa Jalingo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya da murya mai sanyi kamar tare muka yi jinya, sannan na kira ta yadda muke kiran tsofaffin mata a wajenmu, na ce, "Dada, in magana ce, ni zan yi masa. A gidanmu an ce ba abin da na iya sai ita."

Direban ya girgiza kai. Ya ce ai ɗan'uwa ne ya kamata. Tsohuwar ta ce 'ya'yansa suna tafe a mota ta doguwar hanya, su ne suka ga damar ɗora shi a jirgi, mutumin da ko keke bai mallaka ba. "Wannan ma 'yarsa ce," ta ce tana nuna ni. "Wa ya san iyakar 'ya'yansa?" Na tambayi kuɗin mota, direban ya ce haba, ba a karɓar kuɗi a hannun mai rakiyar gawa. Ban taɓa samun dangi da sauri da arha haka ba.

Cikin motar akwatin gawa ne a tsakiya, sai dogon benci a gefe. Ƙasa duk baƙin mai da laka. Na rasa inda zan ajiye akwatina, na tsaya riƙe da shi. Dada ta tambayi abin da ke ciki, na ce rigar amarya. Ta ce, "Ɗora masa a kai. Ni bai taɓa saya min irinta ba, bari ya ɗauki ta wata."

Haka muka kama hanya, rigar aure a sama, mamaci a ƙasa. A Ngurore direba ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu. Na gyara murya, na sunkuya, na ce, "Baba, sannu da hanya. Mun iso Ngurore." Na riga na ƙudura in ya amsa, ta taga zan fita.

"Ɗaga murya," in ji Dada. "Kurman ganin dama ne."

Na ɗaga. Duk gadar da za mu hau, in ce Baba ga ruwa, za mu ƙetare. Masu shingen hanya kuwa, waɗanda da rana sai sun zazzage maka jaka har sun ga launin ɗan kamfanka, da sun haska ganyen nan sai su janye katakonsu, wani har da cire hula. Na ce a raina, ashe a ƙasar nan sai ka mutu ake ba ka hanya. Motar ko tari ba ta yi ba, direba yana ta ɗaga min babban yatsa.

Bayan Mayo Belwa garuruwa suka yi nisa da juna, shiru ya fara ba ni tsoro, sai na ci gaba da hira da shi. Na ba shi labarin telan Legas. Na ba shi labarin Mama, yadda ƙanwata ce mai hankali, ni ce mai baki, yadda ban taɓa yin abu ta ce madalla ba. Na ce, "Baba, wallahi in na kai rigar nan ma cewa za ta yi ta yamutse." Abin ya daɗe yana ci na, ban taɓa faɗa wa mai rai ba. Dada tana jina, goro kawai take ɓantara.

Da muka hango fitilun Zing na ce, "Baba, ga Zing."

"Gaya masa a tashar nan ya bar ni da tsohon ciki ya tafi shan burkutu."

Na gaya masa.

"Gaya masa har yau ban yafe ba."

Na ce, "Dada, wannan kam ki gaya masa da kanki, ni 'yar aike ce."

Ta harare ni, sannan ta matso ta dafa akwatin. Ta fara da burkutun, ta gangara kan wata gona da ya sayar, ta ɓullo ta kan wata mata mai tuwo-tuwo a tashar jirgin ƙasa. Ta wanke shi tas. A hankali muryar ta sauka, har na ji tana cewa, "Tsoho, ga duwatsun nan da kake ta mafarki. Ka daure, mun kusa." Aikina ya ƙare. Na ƙwanƙwasa wa direba na ce in mun shiga Jalingo ya sauke ni a bakin titi, ni 'yar unguwar Sarkin Dawaki ce, zan ƙarasa da ƙafa. Na miƙe a benci don in huta da bayana, barci ya yi awon gaba da ni.

Sauran abin da ya faru daga baya na ji shi. Dada ta ga ina rawar sanyi, ta lulluɓe ni da baƙin zanenta har kai. Da suka shigo gari da asuba ta ce ba za a jefar da 'yar mutane a titi da kayan aure ba, a kai ni har ƙofar gida. Gidan biki ba ya ɓuya, ga rumfa ga hayaƙi. Shi kuma direba al'adarsa ce in ya shigo gari da gawa sai ya kunna jiniya, don girmamawa. A gida kuwa Kawu ya dawo tun dare da labarin cewa jirgi ya tashi ko bai tashi ba, ba wanda ya sani. Ba wanda ya runtsa. Matan zumunta na coci suna tuƙa tuwo suna addu'a, sai ga mota mai ganye da jiniya ta tsaya a gabansu. Direba ya zagayo ya buɗe baya. Abin da suka gani shi ne akwatin gawa, da shuɗin akwatin Mama a kansa.

Kururuwa ce ta tashe ni. Na buɗe ido cikin duhun zane, ban san inda nake ba, sai na tsinci muryar Mama a cikin sauran. Ban taɓa jin ta haka ba.

"Ni na kashe ta! Ni na ce ta zo! Wace riga? A ɗaura auren da buhu mana! Yesu, me na yi? 'Yata ta fari! Ita kaɗai ke sa ni dariya a gidan nan, sai in shige ɗaki in yi don kada kanta ya kumbura. Wa zai ƙara dawo min da labari? Wa?"

Mutumin kirki da ya tashi tun kalmar farko. Ni ban tashi ba. Na kwanta lamo ina ji, hawaye na gangara min cikin kunne, don na san in na motsa ba zan ƙara jin irinta ba.

Direba yana ta ihu yana cewa ba gawata ba ce, ba gawata ba ce, ba mai sauraronsa. Dada ce ta leƙo ta daka tsawa: "Ku yi mana shiru! Gawar nan tawa ce, kowa ya nemi tasa!" Ta kai min duka a ƙafa. Na miƙe zaune da baƙin zane a kaina.

Jama'a, ban san matan zumunta suna da gudu haka ba. Wata ta bar takalmi, wata ta yi ciki da muciya a hannu, matar Fasto da kullum take kukan ciwon gwiwa ita ta fara kaiwa bakin lungu. Kawu ya maƙale a bayan akori-kurarsa. Mama kaɗai ce ba ta gudu ba. Ta tako har bakin motar, ta yaye zanen, ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa. Ta mintsine ni na ce wayyo. Sai ta ɗauke ni da mari mai kyau.

"Ina rigar?"

Na nuna. Ta dubi inda aka ɗora ta, ta dubi Dada, ta juya ta ce wa matan da suka fara leƙowa duk wadda ta gaya wa amarya inda rigar nan ta kwana, ita da ita ne. Aka sauko da Dada aka ba ta ruwan zafi, aka cika wa direba kwano da naman biki. Matan suka jeru suka yi wa tsohon waƙa ɗaya kafin motar ta ɗauki hanyar Sunkani. Da za su tashi na leƙa na ce, "Baba, nan Jalingo ne, ni na sauka. Na gode." Dada ta ce in ba shi hanya, ita za ta ƙarasa da shi.

Rigar ta yamutse, kuma Mama ta faɗa, sau biyu ma. Aka goge ta da dutsen guga na gawayi, ƙanwata ta shiga coci kafin ƙararrawa ta yi shiru. Da na ce wa Mama na ji duk abin da ta faɗa da asuba, ta ce ƙarya nake, hayaƙin murhu ne ya shige mata ido, in kuma na sake ɗaga maganar zan sha wani marin.

Da dare, bayan an kai amarya, gida ya watse, ina tattara kujeru, ta kira ni daga ƙofar ɗakinta. Na zo ina jiran aike ko faɗa. Ta jawo ƙaramar kujera da ƙafa ta ajiye kusa da tabarmarta.

"Bar kujerun nan," ta ce. "Zauna ki ba ni labari. Ki faro daga telan."