Wata Biyar Ban Iso Ba

Ni mutum ne mai komawa ya taɓa kwaɗo sau uku bayan ya kulle ƙofa. Aji shida na yi a lekkol a Damagaram, kuma abin da ya fi zauna mini a kai cikin duk karatun shi ne takardar hukuma ba a miƙa ta sai ga hukuma. Da wannan ilimi na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Tamanrasset wajen ƙarshen shekarun saba'in, fasfo da biza da katin allura duk a naɗe cikin tsumma, a aljihun da na ɗinka da hannuna a cikin riga.

Masu kamyo na wannan hanya suna da yadda suke yi. In an iso iyaka, shofer zai zagaya da kwano, kowa ya jefa fasfonsa, ya ɗora kan sukari da ƙullin ganyen shayi a sama, ya shige da su buro, wato ofishin iyaka. A buron Nijar na ƙi ba shi, na yi layi da kaina, aka buga mini hatimin fita, na dawo ina jin na koya wa mutane arba'in hankali. Da muka iso buron Aljeriya ya sake miƙo kwanon.

"Ɗan lekkol, jefa."

Na ce ni dai ga taga can, an rubuta fasfo a samanta da Faransanci, can zan je.

"Allah ya ba da sa'a," in ji shi.

Na tsaya gaban tagar. A rufe take da katako. Na yi sallama, na yi gyaran murya, na ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya don kada a ce na yi rashin kunya. Daga bayan ginin ina jin ƙarar hatimi, tim, tim, da dariya, da ƙarar kofin shayi. Na san can ake aikin, amma a ganina mai gaskiya ba ya bin bayan gini. Ina nan tsaye rana na cin ƙeyata sai na ji kamyo ya tashi. Na ruga, aka jawo ni sama da hannun riga. Ba wanda ya ƙidaya mutane. Fasfo suka ƙidaya, kuma fasfon sun cika.

Mai masaukina a Tamanrasset wani ɗan kasuwa ne mutumin Maraɗi, abokin kawuna, mai rumfar atamfa a kasuwar Assihar. Da na nuna masa shafin da ba hatimi, ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce rabin layin nan ba su taɓa riƙe fasfo ba, kuma ga su da tumbi. Ni kuwa na rame. In na hango jandarma sai in gaishe shi tun daga nesa, gaisuwa mai tsawo, har wani cikinsu ya fara tsallaka titi in ya gan ni. Wata biyar ina jera atamfa da safe, ina kwashe ta da yamma, ina shirin zuwa buro gobe.

Sai aiki ya fito. Wani kamfani mai gyaran hanya wajen Tit yana neman mai riƙe makullin sito, wanda ya iya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Albashi ne na wata, irin wanda zan iya aika wa mahaifiyata da matata wani abu ba tare da na roƙi kowa ba. Shugaban aikin ya gwada rubutuna, ya ce in kawo takardar zama cikin kwana goma, in ba haka ba akwai wani yana jira.

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi buron baƙi. Shef ɗin, wato babban buron, wani dattijo ne mai gashin baki, yana zaune bayan injin buga takarda. Ya buɗe fasfo, ya juya shafi, ya dawo baya, ya ɗaga shi sama ya girgiza ko hatimin zai faɗo.

"Yaushe za ka zo?" ya tambaye ni.

Na ɗauka Faransancina ne ya gaza. Na ce ranka ya daɗe, ai ga ni.

"Nan an nuna ba ka shigo ba."

"Ba a nuna komai ba, ranka ya daɗe."

"Abin da na ce ke nan."

Na ba shi labarin taga da kwano, har da kan sukari, don ba na son in rage komai. Ya saurara yana sosa kunne da murfin biro. Ya ce takardar zama ta wanda ya shigo ce. Na ce to a ci ni tara. Ya ce tara ta wanda ya wuce kwanakinsa ce, ni ko ba ni da kwanaki. Na ce to a kore ni.

"Hoya, ɗan'uwa, ta yaya zan kori mutumin da bai zo ba? In ka iso, ka biyo ta nan."

Daga can gidan malamin unguwarmu na nufa, wani mutumin Agadas mai karantar da manya bayan la'asar. Abin da ya tsaya mini shi ne salla. In har ban iso ba, to matafiyi ne ni, kuma wata biyar ina cika raka'a huɗu inda ya kamata in yi ƙasaru. Na tambaye shi ko akwai ramuwa a kaina.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tuwon gidan mai masaukinka, wa ke ci?"

"Ni ne, Allah gafarta malam."

"Tabarma fa, wa ke kwana a kanta?"

"Ni."

"To ka iso. Tashi ka ba ni wuri."

Na fita na dawo, na tambaye shi ko zai rubuta mini hakan a takarda. Ya ce rubutun da yake yi sha ake yi, in shef zai sha to ya kawo allo.

Ba abin da ya rage sai komawa iyaka. Kwana biyu a bayan wani kamyon dabino, ina ƙidaya kwanakin da suka rage mini da yatsu, in gama in sake. Tagar tana nan a rufe. Wannan karon na cije na zagaya baya. Jandarma ɗaya ne a teburin, ƙarƙashin rumfar kwano.

"Daga ina?"

"Tamanrasset."

"Fita ke nan." Ya ɗauki hatimi, ya buɗe fasfo, hannunsa ya tsaya a sama. "Ba ka shiga ba. Wanda bai shiga ba ba ya fita."

"Shigar nake so, ranka ya daɗe."

"Mai shiga daga kudu yake zuwa."

Na ce to bari in zagaya ginin in fito ta kudu. Ya ce da idonsa ya ga na sauko daga arewa, shi ba mahaukaci ba ne. Na ce to a bar ni in je kudu in dawo. Ya ce zuwa kudu fita ce, mun riga mun gama wannan maganar. Ya miƙo mini fasfona da ladabi ƙwarai.

A gefe akwai wani tsoho Buzu mai sayar da shayi, ya ji komai. Ya yafito ni, ya ce da Hausarsa mai lanƙwasa, daga cikin rawani: "Yaro, ka ga tudun yashin can? Bayansa kamyon kudu ke tsayawa a ƙara wa taya iska. Je ka hau."

Na ce wannan ai fita ce ba izini, laifi na biyu ke nan a kan na farko.

Ya miƙo mini buta. "Wa ke neman biza ya je bayan gari?"

Na riƙe butar ina tunani. In na ce wa jandarma uzuri zan je alhali ba na jin komai, na yi ƙarya. Don haka na zauna na sha shayi kofi uku, na bi da ruwan salka, na ƙara, na jira. Tsohon na kallona kamar yana kallon raƙumi na karatu. Sai da abin ya matsa mini da gaske, har ina takawa a karkace, sannan na je gaban teburi na ɗaga butar na nuna kudu. Jandarma bai ɗago kai ba, ya kaɗa hannu kawai.

Na yi abin da na ce zan yi, sannan na zauna a gindin tudu. Sai da rana ta karkata kamyo ya ɓullo, ɗauke da buhunan gero da tumaki da mutane a sama. Shofer ya sauko yana miƙa, ashe wanda ya kawo ni da farko ne, ya tsaya, ya ƙura mini ido.

"Ɗan lekkol! Har yanzu layin bai zo kanka ba?"

Na warware tsumma, na jefa fasfona cikin kwano. Ya ɗaga kwanon ya nuna wa mutanen sama, ya ce su shaida yau ilimi ya sauko ƙasa. Tafiyar zuwa buro ba ta kai tsawon shan kofin shayi ɗaya ba. Ina zaune a kan buhu da butar mutane a cinyata, jandarma ya fito ya dube ni ido cikin ido, ya ce barka da zuwa, ya hanya. Na ce hanya lafiya. Wannan ma na auna ta daga baya, na ga ba ƙarya ba ce.

Ana sauran kwana biyu wa'adina ya cika na koma wajen shef. Ya ga sabon hatimi, ya tashi tsaye ya ba ni hannu, ya ce ya daɗe yana jirana. Ya sa takarda a inji ya fara bugawa da yatsa biyu. Can ya dakata, ya koma shafin baya inda hatimin Nijar yake, ya ƙidaya da bakinsa.

"Ka fita daga can wata biyar da suka wuce. Ka shigo nan shekaranjiya. A tsakani ina kake?"

"A nan, ranka ya daɗe. Ai na zo wajenka ran Litinin waccan."

Ya tashi ya tura ƙofa. "Ban ji ba. Ka ɓata a sahara?"

"A'a."

"Kiwon raƙuma?"

"Ban taɓa ba."

"Mota ta lalace?"

"Lafiyarta lau."

Ya riƙe kansa. Ya ce in ya rubuta abin da na faɗa sai ya tsare ni, in ya tsare ni sai ya buga takarda uku, kuma zaren tawadar injinsa ya kusa ƙarewa, sai wata mai zuwa za a kawo wani. Ya roƙe ni, shi babba, in taimake shi da ƙarya guda ɗaya ƙarama. Na ce in akwai wata hanya dai. Daga ƙarshe ya murɗa injin, layin ya wuce ba komai a kansa, ya buga na ƙasa, ya sa hannu. Ya ce in tafi, kuma in Allah ya sa zan bar ƙasar, in bi ta inda ba shi ne ke aiki ba.

A Tit shugaban aikin ya karɓi takardar, ya miƙa wa magatakardansa. Wannan ya kwafe ranar shigowa cikin babban littafi, ya ɗago ya dube ni da tausayi. Ya ce dokar kamfani ce, wanda ya ƙetaro sahara ba ya kama aiki sai ya huta kwana uku, kuma ana lissafa masa su cikin kwanakin aiki. Na buɗe baki zan yi bayani, shugaban ya ce ba ya son surutu, ya jefo mini makullai.

Rana ɗaya na iya kwanciya. A ta biyu tun da hantsi na je na zauna a bakin sito, ban buɗe ba don an ce kada in yi aiki, ban tafi ba don ban ga gajiyar da zan huta ba. Leburori na wucewa suna yi mini sannu da hanya, ina amsawa a hankali.