Tafkin Milutin da Farar Ƙasa

Shekara arba'in Milutin ya yi yana gini a ƙauyukan Valjevo, kuma bai taɓa yarda da abin da ba dutse ko siminti ba. Da ya ajiye aiki sai 'yarsa Gordana ta kawo masa kifayen ado da ake kira koi guda huɗu daga Jamus, masu ja da fari, wai ya samu abin yi ya daina sa wa uwarta ido a kicin. Ta ce a bikin Ista za ta dawo ta gan su a tafkin da zai gina musu.

Kifayen suka sauka a gangar da ake jiƙa kabeji. Maƙwabcinsa Vukota ya leƙo ta shinge ya ce, "Sarkin magina, haƙa rami kawai ka shimfiɗa baƙar robar nan. Kwana biyu ka gama."

"Ni da roba? Gara in ajiye cokalin gini in koma sayar da takalma."

Taurin kai kam Allah ya ba shi nasa har da na maƙwabta. Ya zuba siminti da kaka, sanyi ya shigo, ƙanƙara ta tsaga tafkin gida biyu. Ya farfasa shi yana zage-zage, ya jira dusar ƙanƙara ta narke, ya sake zubawa da rodi. Ya san sabon siminti guba ne ga kifi, don haka mako biyar yana cikawa yana kwashewa, har bayansa ya riƙe. Matarsa Desanka kuwa ba ta bar shi ya sha ruwa ba.

"Tsoho, sanyi guda ba mu ci kabejin tsami ba, saboda kifin da ko a tukunya ba ya shiga."

Saura mako guda Ista ya saki kifayen. Suka zagaya, suka ci abinci. Ya zauna a bakin tafkin da gahawarsa, daɗi ya cika shi, har ya kira Vukota don ya ƙunsa masa haushi.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwa sayen ɗan rago. Kowace shekara, kafin Ista, duk ƙauyen shafe yake da farar ƙasa: gindin itatuwa, shinge, bakin rijiya. Da ya dawo sai ya tarar da gidansa fari fat, duwatsun tafkin ma an shafe su har inda ruwa ya tsaya. Desanka na tsaye da buroshi tana murmushi.

"Baƙi na tafe, a bar siminti tsirara kamar gidan da ba mace? Dubi yadda aikinka ya fito."

Farar ƙasar ta tsiyaya cikin tafkin, ruwan ya koma kamar tsala. Kifaye uku sun juya ciki sama. Ya faɗa ciki da takalmansa, ya cafko na huɗun yana numfashi da ƙyar, ya mayar da shi ganga.

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna shi ya jiƙa mata farar ƙasar jiya da hannunsa, ya ce ta shafe ko'ina, kada ta bar lungu. Jibi Gordana za ta iso.

Ya je shinge, wandonsa na ɗigar da ruwa.

"Vukota, robar nan taka, akwai saura?"

"Akwai."

"Kwana biyu ka ce?"