Jakuna Bakwai a Kangonmu

Shekara biyu da wani abu na yi ina zama kan 'yar kujerata a bakin ƙofar tsakar gidanmu a Ƙaura, duk bayan mako biyu, ran Asabar bayan azahar, ina duban matan da ke shigowa. Kowace da kwanon dusa a hannu, ko ƙunshin harawa, ko kowar wake a buhu. Da wannan ake shiga. Wadda ta zo hannu biyu sai in ɗaga kai in dube ta sau ɗaya, kafin in yi magana ta riga ni: "Gwaggo, wallahi mantawa na yi, in na dawo in kawo biyu."

Ɗiyar ƙanena suke zuwa saurare. Ni na raine ta tun tana goye, da mijinta ya rasu kuma ta dawo wurina. Tana koyarwa a firamare, tana rubuta littattafan soyayya, a Kano ake buga mata su a aiko a kwali. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikinsu ba, ban kuma tambaya ba. Zanen bango kawai nake gani, saurayi da budurwa masu manyan idanu, in na tarar da shi a tabarma in kife shi.

Dusar kuwa ta jakuna ce. Wajen shekarun da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato babura suka fara yawa, darajar jaki ta faɗi. Mutum ya gama ɗora wa dabba mangala shekara da shekaru, in ta tsufa bayanta ya cika da miki, sai ya kwance igiya ya kora ta bayan tashar jirgin ƙasa. Wata rana yarinyar nan ta dawo daga makaranta tana janye da ɗaya, ta ɗaura masa gyalenta a wuya, ƙudaje na bin su.

Na ce, "Wanga kuma na wa ne?"

Ta ce, "Namu ne, Gwaggo."

"Namu ke da wa?"

Ta wuce da shi kangon da ke bayan gida, ta wanke mikin da ruwan gishiri ta shafa man kaɗe. Kafin damina ta uku sun zama bakwai. Albashin malamar firamare ba ya cika cikin jaki bakwai, shi ya sa da masu karanta littattafanta suka fara zuwa ganinta, ta ce musu ba ta son turare ba ta son atamfa, wadda ke ƙaunarta ta zo da dusa. Ita kuma sai ta karanta musu babin da ba a buga ba tukuna. Daga Shinkafi mata biyar ke cika mota ɗaya. Daga Zurmi ma ana zuwa. Akwai wata 'yar Galadi da wanta ke kawowa a babur, damin harawa a tsakaninsu. Daga inda nake zaune ba na jin karatun, hayaniyarsu kawai nake ji. "Malama, kar ki kashe mana shi!" "Ke bari ta kashe shi, maƙaryaci ne!" In an tashi su leƙa kango, kowace ta nuna wanda take kira nata.

Da Shari'a ta zo na yi murna, har yau ma ina yi. Amma maza suka fara tambayar me mata ke taruwa suna ji a gidan da babu namiji. Mai unguwa ya yi sallama a zaure, ya ce, "Hajiya, mutane na magana kan taron nan. Na ce musu in dai kina zaune bakin ƙofa, ni ba ni da ta cewa. Kowa ya san ki."

Kowa ya san ni kuwa. Na sha mai da budurwa gida ta sake mayafi, na sha sa matar aure ta tofar da cingam kafin ta taka tabarmata. Sai ya zama in mace ta nemi izini, mijinta abu ɗaya ke tambaya: "Tsohuwar nan na nan?" In ta ce ina nan, ya ce ta tafi. Ban taɓa zaunawa na auna ba, amma a kan kujerata taron ke tsaye, a kan taron kuma cikin jakunan.

Wata Asabar cikin bazara rana ta cinye inuwar bakin ƙofa, na ja kujerata ƙarƙashin dalbejiya, bayan matan. Ranar na fara jin muryarta tana karatu. Labarin wata budurwa ne da wani falke mai kawo gishiri a jakuna. Ya zo zance, ya ɗaure jakinsa a danga, suna cikin hira jakin ya ja sabon kallabinta da ta shanya ya cinye rabi. Ƙawayenta suna laɓe suna gani. Washegari a dandali suka tsara mata waƙa, suna kiranta amaryar jaki. Da ya dawo ta ce masa kada ya sake zuwa ƙofar gidansu sai a kan keke. Ya ce to, ya kwance jakinsa ya tafi. Bai dawo ba.

Matan na ta dariya, wata har da riƙe ciki. Sai ta karanta cewa budurwar ta ninke guntun kallabin ta sa a ƙasan kwallarta, da shi ta tafi gidan mijin da ta aura daga baya, yana nan har ta yi furfura.

Ni ce budurwar. A Zurmi aka yi, falken mutumin Katuru ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ita, lokacin da take takaba ta ƙi cin abinci, muna ɓarar gyaɗa na ba ta labarin don ta san ba ita kaɗai ta taɓa rasa wani ba. Na miƙe, na ɗauki kujerata a gaban kowa, na shiga ɗaki na saki labule.

Da suka watse ta zo bakin ƙofa ta durƙusa.

"Gwaggo, lahiya kika tashi?"

"Wa ya ba ki?"

"Mi?"

"Abin da na gaya miki don ki daina kuka, shi kika kai kasuwa?"

"Ban sa sunanki ba, ban sa Zurmi ba. Kallabin ma na mai da shi ja, naki shuɗi ne."

"To na gode da rini."

"Gwaggo, ba wanda zai gane."

"Ni na gane."

Ta ce za ta cire babin, ta ce in yi haƙuri, ta faɗa sau uku. Na juya mata baya. Ni a lokacin gani nake duk matan nan sun tafi da ni a bakinsu, daga Ƙaura har Shinkafi, ni da ake sauke murya in na gifta.

Asabar ɗin taro ta gaba ban fito ba. Wadda ta biyo bayanta ma haka. Sai ga mai unguwa a zaure.

"Hajiya, an ce kin bar bakin ƙofa."

"Na bari."

"Wani abu kika ji a karatun?"

Nan ne wurin da ya kamata in gyara zancen. Da na ce masa faɗan gida ne tsakanina da ɗiyata, da ya yi dariya ya tafi. Na san abin da yake tambaya sarai, na kuma san yadda zai ɗauki shiruna. Na ce, "Ni dai na cire hannuna." Ya jira in ƙara, ban ƙara ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalmi.

Babu wanda ya hana taron, babu wanda ya zo da takarda. Maza kawai suka daina cewa a tafi. Motar Shinkafi ta fara ɗaukewa, sai ta Zurmi. 'Yan unguwa suka rage saura uku, su ma a ɓoye, sannan babu. Kuma ƙarshen bazara ne, lokacin da ko a bakin gulbi babu tsinken ciyawa, mai akuya ma rowar dusa yake yi.

Ina ganin yarinyar ta taga. Ta dawo makaranta ta ɗauki buhu ta bi bayan masu injin niƙa tana share abin da ya zube. Ta tsinke karan dangar kewaye ta zuba a kango. Jakunan suka koma cin ƙasa da tsumma, haƙarƙarinsu ya fito ana ƙirgawa. Wanda ta fara kawowa ya kwanta wata safiya bai tashi ba, bayan kwanaki wani ya bi shi. Tana kawo mini tuwo ta gaishe ni ta fita. Ni kuma ina jira ta sake durƙusawa, na ce a raina in ta roƙa sau ɗaya zan fito. Ba ta roƙa ba. Ni na raine ta, halina ta ɗauka.

Akwai wani dillali mai loda jakuna a babbar mota yana kai su Kudu, inda ake yanka su. Sau biyu a baya ya zo ta kore shi, har da ce masa ya ji tsoron Allah. Na fara ganinsa yana giftawa ta ƙofar gida yana rage tafiya.

Cikin haka wata sa'ata 'yar Zurmi ta zo ta'aziyya Ƙaura ta biyo ta wurina. Tare muka tashi, kuma tana cikin taron ranar da na ɗauke kujerata, ta rako matar ɗanta. Ta zauna ta sha ruwa ta dube ni.

"Ke dai har yanzu wuyan nan naki bai lanƙwasa ba."

"Abin da ya kawo ki ke nan?"

"Wallahi ranar nan ina cikin masu dariya. Ni da na tsara waƙar da bakina, ban tuna ba. Shekara nawa? Sai da kika sunkuci kujera na ce a'a, ashe amaryar ce da kanta!"

Na ce, "Kin gaya ma wa?"

"In gaya ma wa? Duk waɗanda sunka san zancen sun mutu, daga ni sai ke. Sauran matan ba su gane komi ba. Su a ganinsu batsa kika ji kika tashi. Yanzu a Zurmi cewa ake littattafan ɗiyarki ba na shiga gidan mutunci ba ne. Matar ɗana ma an karɓe nata an sa a murhu."

Ta tashi ta leƙa kango ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Kin kori mai jaki kina yarinya, mun ce ƙuruciya. Waɗanga mi sunka yi miki?"

Washegari da hantsi na ɗauki ƙwarya na fita. Ni da ko gishiri ban taɓa roƙa a maƙwabta ba, na bi gida gida ina neman dusa. Kowane gida sai na tsaya na faɗa da bakina cewa babu komai a karatun yarinyar nan, ni ce na yi fushi kan wata magana tamu ta gida. Wasu suka ba ni, wasu suka ce ta awakinsu ce ta rage. Na je wurin mai unguwa na faɗa masa haka. Ya ce, "Na ji, Hajiya, zan gaya musu. Amma da tun ranar kika faɗa." Ita ban gaya mata ina fita ba. Ina tara abin da na samu a gidan wata ƙawata, nufina sai ya cika buhu in kawo gaba ɗaya, don ta ga ba da wasa na zo ba. Ko a nan girman kaina nake yi wa aiki.

Rana ta uku na sa mai baro ya turo buhun, muka iso bayan la'asar. A ƙofar kango na ga sawun babbar taya. Turaku huɗu babu kowa, igiyoyin na nan a yashe. Yarinyar na zaune a ƙasa kusa da wata tsohuwar jaka makauniya, wadda dillalin ya ƙi ɗauka don ba za ta iya hawa motar ba.

Na ce, "Kin ba shi?"

"Na ba shi."

"Kin san inda zai kai su."

"Na sani, Gwaggo. Can wuƙa ce, rana ɗaya. Nan kwana nawa sunka yi suna cin ƙasa ina kallo?"

Na nuna buhun. "Ga shi na samo."

Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Yau kwana uku ina tarawa."

"Da kin kawo mini ƙwaryar farko, da na ce masa ya dawo wani makon."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tashi ta kwance bakin buhun, ta ɗiba a kwano ta jiƙa da ruwa, ta kai wa jakar har bakinta. Na tsaya a wurin ina neman yadda ake cewa a yi haƙuri ga wadda ka goya, bakina bai iya ba. Na ce mata kada ta ba ta da yawa lokaci ɗaya, cikinta zai kumbura. Ta ce ta sani.

Mako bai zagayo ba ruwan farko ya sauka. Ciyawa ta fito a kangon har gwiwa, saboda takin da suka bari, jaka ɗaya tana ci ba ta iya cinyewa. Taron bai dawo ba. An yi ƙoƙari sau biyu, na zauna a wurina, mata huɗu suka zo, karo na biyu uku. Bayan shekara ta yi aure ta koma Gusau, har yanzu tana rubutu, tana aiko mini da sabulu da goro duk wata. In ta zo muna hira kan ƙafata da kan 'ya'yanta. Ba ta ƙara janyo jaki gida ba, ko a can, na tambayi mijinta.