Waltraud da Marfin Tukunya

A ƙauyenmu na bakin daji a Jamus, ana cewa wai 'yar kawunmu Waltraud tana da miji mai ƙafa huɗu da haure. Ƙarya ce, ko baiko ba a yi ba!

Tana yarinya ne kakarmu ta yi musu, ita da ƙanwarta, tatsuniyar dabbar dajin da yara suka ba masauki, ta tuɓe fata ta zama yarima. Sai suka tsinto ɗan aladen daji cikin ƙanƙara, suka kwantar da shi gindin murhu. Ya cinye dankalin gidan kaf, ya koma daji ko sallama babu.

Yanzu ta tsufa, amma da an busa ƙahon farauta zama ya ƙare mata. Ta leƙa taga, ta sa takalmi, ta cire, ƙarshe ta suri marfin tukunya da ludayi ta shige daji tana ƙwanƙwasa, don jikokin aladen nan su tsere wa bindiga.

Bana yayanmu Ottmar mafarauci ya tare ta, ko zomo bai samu ba.

"Amarya, angon bai tuɓe fatar ba har yau?"

"Kai da aka haifa ba fatar dabba, me muka ƙaru da kai? Matsa min, suna bayan dutsen can!"