Mun je taya murna kafin jarrabawa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Madina, ni da mahaifiyata da ta zo umara. Jirgin ƙasa muka hau. Gudu yake kamar an biyo shi, ta taga kuwa ba komai sai baƙaƙen duwatsu da raƙuma jefi-jefi. Mama ta rungume jakar kilishi da yajin daddawa har muka isa, ko ni ba ta yarda na taɓa ba.

Gidan goggona muka nufa a Hindawiyya, wata unguwa a Jidda. A Jidda aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. 'Yarta, wadda ta daɗe da barin makaranta, ta koma wata ƙaramar kwaleji tana kwas ɗin kwamfuta na shekara guda. Mama ta lissafa watanni ta ce ai ta gama, mu je mu taya ta murna. Na ce a kira tukuna. Ta harare ni, wai tun yaushe ake neman izinin zuwa gidan dangi?

Jidda ta tarbe mu da gumi. Iskarta ɗanya ce, mayafi ya manne mini a wuya. A bakin lungu muka sayi burodin tamis mai zafi da wake, sannan muka kutsa tsakanin tsofaffin benaye.

Ashe 'yar goggo ba ta gama ba. Washegari ce jarrabawar ƙarshe, inda za ta haɗa kwamfutoci su yi magana da juna a gaban malami. In ta faɗi, sai baɗi, aikin da wani asibiti ya yi mata alkawari kuma ya wuce. Mun same ta a tsakar ɗaki da igiyar intanet, tana jera siraran wayoyi takwas, kowacce da launinta.

Kafin la'asar labari ya zaga cewa baƙi sun zo daga gida. Mata suka cika falo, ita ce zuba gahawa, ita ce ɗauko dabino. Wata ma har da miƙo waya, a duba mata maganar iƙama, wato takardar izinin zama. Tana ta murmushi, amma tana ta waiwayen igiyar da ta ajiye. Kunya ta kama ni sosai.

Sai goggo, wadda gwiwa ta hana ta hawa bene, ta dogara da bango ta miƙe, ta karɓe butar gahawar daga hannun 'yarta.

"Halas, ya binti, ya isa haka 'yata. Yalla, shiga ɗaki. Baƙin nan nawa ne."

Mama ta tsargu, ta tuɓe mayafi ta faɗa kicin. Ni kuma aka ba ni littafi ina yi wa 'yar goggo tambayoyin da ko ɗaya ban gane ba.

Washegari da azahar muna cikin jirgin komawa saƙonta ya shigo: kwamfutocin sun yi magana, ta ci. Mama ta sa na maimaita mata har sau uku, tana share ido da gefen mayafi.

Mun iso Madina lafiya. Abin da na koyo, wani lokacin babban zumuncin shi ne ka ba ɗan'uwa wuri ya yi abin da ke gabansa. Mama dai har yanzu cewa take zuwanmu ne ya kawo sa'ar, ni kuma ban musa mata ba.